Nauyin Aiki da Yawan Ambato: Sharhi a kan Rubuce-rubucen Solomon Snyder a Fagen Ilmin Magungunan Ƙwaƙwalwa

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce a duba rubuce-rubucen ilmi na Solomon H. Snyder, masanin magungunan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a ƙasar Amurka, sa'an nan a auna su da ma'aunin da ya fi kowanne tashe a jami'o'in wannan zamani, watau yawan ambato. Abin da ake nufi da ambato shi ne manazarci ya kawo sunan aikin wani a cikin nasa aikin, domin ya nuna rijiyar da ya ɗebo ruwa. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce ga malamanmu, gama tun can da ɗalibi yakan faɗi sunan wanda ya biya masa littafi. Abin da ya zo daga baya shi ne a tara ambaton a mai da shi lamba, a kuma ɗauki lambar ta zama hujjar ƙarin girma, da ba da kuɗin bincike, da fifita wani malami bisa wani.

An zaɓi Snyder ne saboda dalili biyu. Na farko, akwai lokacin da lambarsa ta zarce ta kowa a cikin masana ilmin halittu. Na biyu, ba wanda ke shakkar ingancin aikinsa, saboda haka idan aka ga ma'aunin ya yi tuntuɓe a kansa, to laifin na ma'aunin ne. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne: yawan ambato yakan nuna hanyar da jama'ar masana suka fi bi, amma ba ya iya faɗin wanda ya share hanyar, ba ya kuma iya faɗin ko hanyar ta kai garin da aka nufa. Wanda yake son sanin waɗannan sai ya zauna ya karanta aikin da kansa.

2.0 ASALIN ƘIDAYAR AMBATO

Eugene Garfield shi ne ya kawo shawarar kafa kundin ambato na kimiyya, a wata maƙala da ta fito cikin mujallar Science a 1955. A 1964 cibiyarsa da ke Philadelphia ta fara fitar da kundin. Ainihin niyyarsa ita ce a sauƙaƙa wa mai bincike neman abin karantawa: idan ka san wata tsohuwar maƙala, sai kundin ya nuna maka duk waɗanda suka ambace ta daga baya, ka bi sawunsu. Daga bisani ne hukumomi suka lura cewa abin da ake iya jerawa ana iya ƙirga shi.

A 2005 wani masanin fiziya na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, mai suna Jorge Hirsch, ya ƙago abin da ake kira ma'aunin h. Bayaninsa mai sauƙi ne. Idan aka ce ma'aunin h na malami ya kai 20, ana nufin yana da maƙaloli 20 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. A cikin wannan maƙala tasa Hirsch ya kawo jerin masana ilmin halittu goma, kuma Snyder ne a kan gaba da 191. David Baltimore, wanda ya sami lambar Nobel, yana biye da 160, Robert Gallo kuwa 154. A fagen fiziya, wanda ya fi kowa a lissafin Hirsch shi ne Edward Witten, da 110.

Ya kamata a tsaya a kan wannan lamba ta 191. Ma'anarta ita ce maƙaloli 191, kowacce an ambace ta aƙalla sau 191. Idan aka ninka, ambato 36,481 ke nan a mafi ƙaranci. Idan kuma aka raba bisa shekaru kimanin arba'in da ya yi yana rubutu kafin 2005, za a ga kusan maƙala biyar irin wannan a kowace shekara ba fashi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Dole a tambaya: mene ne a cikin waɗannan rubuce-rubuce da ya ja hankalin mutane haka?

3.0 MUTUMIN DA AIKINSA

An haifi Snyder a birnin Washington a 1938. Ya gama karatun likita a Jami'ar Georgetown a 1962. Daga 1963 zuwa 1965 ya yi aiki a ƙarƙashin Julius Axelrod, wanda daga baya ya sami lambar Nobel a 1970 saboda bincikensa a kan yadda jijiyoyi ke sarrafa sinadaran da suke aika saƙo da su. Daga nan ya koma Johns Hopkins, inda ya ƙware a aikin likitan taɓin hankali, kuma a 1980 ya kafa sashen nazarin ƙwaƙwalwa na wannan jami'a. A 2006 aka sa wa sashen sunansa. Maƙalolinsa sun haura dubu. Ba za a iya bin su ɗaya bayan ɗaya a takarda irin wannan ba, saboda haka za a ɗauki ginshiƙai uku.

3.1 Makarɓan Ofiyom

Tun farkon ƙarni na ashirin masana suke zaton cewa magani ba ya aiki a jiki sai ya sami wurin da zai maƙale. Wannan wuri shi ne za mu kira makarɓi a nan: wani furotin ne a jikin fatar ƙwayar jijiya, wanda magani ke shiga kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Game da mofin da sauran dangin ofiyom, hujjar zaton tana da ƙarfi. Akwai magunguna biyu masu tsari iri ɗaya, sai dai ɗaya kamar hannun dama yake, ɗaya kamar hagu. Na farko yana kashe zafin ciwo, na biyu ba ya yi. Wannan ya nuna lalle akwai kwaɗon da ke bambance mabuɗai. Matsalar ita ce ba wanda ya iya nuna shi a kwalbar gwaji. A 1971 Avram Goldstein na Jami'ar Stanford ya shimfiɗa dabarar yin amfani da wannan bambanci na dama da hagu, amma abin da ya maƙale ta hanyar da ake nema bai wuce kimanin kashi 2 cikin ɗari ba. Sauran duk ya liƙe ne barkatai a kitse da sauran tarkacen nama.

A wannan lokaci gwamnatin Amurka tana cikin damuwa saboda yawan shan hodar heroyin a biranenta da kuma tsakanin sojojinta a Biyetnam, har ta buɗe bakin aljihu ga masu bincike. A ɗakin gwaje-gwajen Snyder, ɗalibarsa mai neman digiri na uku, Candace Pert, ita ce ta ɗauki aikin. Sun yi amfani da naloksan, maganin da ke karya ƙarfin mofin, bayan an yi masa lamba da tiritiyom, wani nau'in haidurojin mai fitar da ƙwayoyin nukiliya waɗanda na'ura ke iya ƙidayawa. Da yake lambar tana da ƙarfi, ɗan kaɗan na maganin ya isa. Sai a gauraya shi da niƙaƙƙiyar ƙwaƙwalwar ɓera, a zuba bisa takardar tacewa, a ɗauraye da sauri. Abin da ya liƙe barkatai sai ruwa ya tafi da shi, abin da ya shiga kwaɗonsa kuwa sai ya tsaya. Dabarar tacewa da saurin ɗauraya sun koyo ta ne daga maƙwabcinsu Pedro Cuatrecasas, wanda ya yi amfani da ita a kan makarɓin insulin. Maƙalar Pert da Snyder ta fito cikin Science a watan Maris na 1973. A wannan shekara kuma Eric Simon a New York da Lars Terenius a Uppsala ta ƙasar Suwidin, kowa da kansa, suka buga sakamako irin wannan.

Tambayar da ta biyo baya ita ce: me ya sa ƙwaƙwalwar dabba za ta tanadi kwaɗo domin ruwan wani tsiro? Amsar ta zo daga Aberdeen ta ƙasar Sukotland, inda John Hughes da Hans Kosterlitz da abokan aikinsu suka tsamo sinadarai biyu daga ƙwaƙwalwar alade, waɗanda suka kira enkefalin, suka buga cikin Nature a watan Disamba na 1975. Ashe jiki yana da mofin nasa. A 1976 Rabi Simantov da Snyder suka tabbatar da haka daga ƙwaƙwalwar maraƙi.

3.2 Dofamin da Magungunan Taɓin Hankali

Da dabarar ta zauna, sai ɗakin gwaje-gwajen ya shiga juya ta a kan makarɓai iri iri. An auna na gilaisin a 1973, na asetilkolin da na GABA a 1974, a 1979 kuma Stephen Peroutka da Snyder suka nuna cewa makarɓan serotonin sun kasu gida biyu. A 1981 suka kawo hujja cewa kafeyin, sinadarin da ke cikin gahawa da shayi da goro, yana wartsakar da mutum ne ta hanyar toshe makarɓan adenosin.

Wadda ta fi tasiri ga aikin asibiti ita ce maƙalar Ian Creese da David Burt da Snyder ta 1976. Sun jera magungunan da ake ba masu cutar sikizofireniya, suka auna ƙarfin maƙalewar kowanne a makarɓin dofamin, suka kwatanta da yawan abin da likita ke ba majinyaci. Sai ga shi maganin da ya fi riƙe makarɓin shi ne ake ba da shi kaɗan, wanda riƙonsa ke da rauni shi ne ake ba da shi da yawa. Philip Seeman da jama'arsa a Toronto ta ƙasar Kanada sun buga irin wannan sakamako a shekarar.

3.3 Iskar da ke Aika Saƙo

Ginshiƙi na uku ya zo ne a ƙarshen shekarun 1980. An riga an gano cewa iskar naitirik oksaid ce ke sa hanyoyin jini su saki, kuma a 1988 John Garthwaite a Liverpool ya nuna cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ma suna fitar da ita. A 1990 David Bredt, ɗalibin Snyder, ya tace enzayim ɗin da ke haɗa wannan iska daga ƙwaƙwalwa, bayan ya gano cewa ba ya aiki sai da wani furotin mai suna kalmodulin. A shekarar suka nuna wuraren da yake a jijiyoyi, a 1991 kuma suka karanta tsarin ƙwayar gadonsa. Wannan ya tilasta wa masana su sake ma'anar ɗan aiken jijiya, domin iska ba a ajiye ta a jaka, ba ta kuma neman kwaɗo a bayan fata. Ratsawa take yi ta shiga cikin ƙwayar da ke kusa.

4.0 ABIN DA LAMBAR TA FAƊA DAIDAI

Yabon gwani ya zama dole. Duk wanda ya bi waɗannan ginshiƙai uku zai ga cewa 191 ba ta faɗo daga sama ba. Akwai siffa ɗaya da ta ratsa aikin gaba ɗaya: Snyder yakan ɗauki tambaya mai wuya ya mai da ita gwajin da kowane ɗakin bincike mai matsakaicin hali zai iya yi cikin yini ɗaya. Kafin 1973, wanda ke son sanin ƙarfin sabon maganin ciwo sai ya gwada a jikin dabbobi masu rai ko a yankin hanjinsu, aikin da ke cin lokaci da magani mai yawa. Bayan 1973 kwalaben gwaji sun ɗauke babban kaso na wannan wahala, har kamfanonin haɗa magunguna suka mai da dabarar ta zama matakin farko na tantance sinadarai. Duk wanda ya yi amfani da dabarar sai ya ambaci inda ya samo ta. A nan ambato ya yi aikinsa na gaskiya, watau biyan bashi.

Sai dai wannan bayani da kansa ya tona asirin ma'aunin. Abin da aka fi ambato shi ne kayan aiki. Misali mafi girma ya fito ne daga wani masanin magunguna, Oliver Lowry na Jami'ar Washington da ke St. Louis, wanda ya buga hanyar auna yawan furotin a 1951. Lokacin da mujallar Nature ta yi lissafi a 2014, an ambaci wannan maƙala fiye da sau 300,000, ba ta da na biyu a tarihin kimiyya. A wannan lissafi maƙalar Watson da Crick ta 1953 a kan tsarin DNA ba ta ko shiga cikin ɗari na farko ba. Ba mai hankalin da zai ce awon furotin ya fi gano tsarin gado nauyi. Dalilin shi ne babban ganowa yakan shige cikin littattafan makaranta ya zama sanin kowa, har a daina faɗin mai shi, amma kayan aiki kullum ana ɗauka, kullum ana sa hannu a rajista.

5.0 ABIN DA LAMBAR TA ƁOYE

5.1 Wa Ya Yi Aikin?

A 1978 aka ba da kyautar Lasker, wadda ake ɗauka a Amurka a matsayin ƙofar Nobel, ga mutum uku: Snyder, da Hughes, da Kosterlitz. Ba a sa Pert ba. Ta ƙi halartar bikin, ta kuma bayyana rashin yardarta a fili, har maganar ta shiga mujallu. Masu goyon bayanta suka ce an yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ga shi kuwa Hughes, wanda shi ma ƙaramin abokin aikin Kosterlitz ne, an sa shi. Masu kare kwamitin suka ce Pert ɗaliba ce a lokacin, kuma kyautar ta duba dukan tafiyar ɗakin binciken ne, wadda Snyder ya jagoranta. Simon da Terenius da Goldstein su ma ba a sa su ba. Garfield da kansa ya rubuta sharhi a kan rigimar a 1979.

Abin lura ga wannan takarda shi ne yadda ƙidaya ta kasa raba gardamar. A tsohon kundin Garfield na takarda, akan jera ambato ne ƙarƙashin sunan marubuci na farko kaɗai. Bisa wannan tsari, maƙalar 1973 ta Pert ce ɗungum, Snyder ba shi da kome a cikinta. A ma'aunin h kuwa, kowane mai suna a kan maƙala yana cinye ta gaba ɗaya, ko su biyu ne ko su ashirin. Maƙala ɗaya, ma'auni biyu, hukunci biyu masu karo da juna, kuma ba ɗayansu da ya san wanda ya kwana a ɗakin gwaji ko wanda ya kawo shawarar. Daɗin daɗawa, shugaban ɗakin bincike yana tara na dukan ɗalibansa. A cikin 191 akwai gumin Pert, da Creese, da Peroutka, da Bredt, da Michael Kuhar, da Gavril Pasternak, da wasu da dama. Haƙiƙa iya zaɓen ɗalibai da tarbiyyarsu gwaninta ce babba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma sai a kira lambar da sunanta na gaskiya: lambar makaranta ce, ba ta mutum guda ba.

Masana zamantakewar kimiyya sun daɗe da sa wa wannan suna. A 1968 Robert Merton ya bayyana yadda yabo ke gangarawa wurin wanda ya riga ya yi suna, a 1993 kuma Margaret Rossiter ta nuna yadda aikin mata ya fi saurin komawa hannun mazan da suka yi aiki tare.

5.2 Wa Ya Riga?

Sakamakon 1976 a kan dofamin tabbatarwa ne ga abin da Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya hango. A 1957 Carlsson ya nuna cewa dabbobin da maganin resafin ya sandarar da su suna farfaɗowa idan aka ba su L-dopa, a 1958 ya nuna dofamin yana da mazauninsa a ƙwaƙwalwa, a 1963 kuma shi da Margit Lindqvist suka kawo shawarar cewa magungunan taɓin hankali toshe makarɓai suke yi. A taron da aka yi a Landan a 1960 manyan masana na lokacin ba su karɓi ra'ayinsa ba. Da a ce an auna shi da ambato a waɗannan shekaru na farko, da an ce bai yi abin a zo a gani ba. Lambar Nobel ta zo masa a 2000, bayan shekara arba'in da 'yan kai.

Na Oleh Hornykiewicz ya fi ban tausayi. A 1960, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, shi da Herbert Ehringer suka auna ƙwaƙwalwar mutanen da suka mutu da cutar Parkinson, suka tarar dofamin ya ƙare a sashen da ke kula da motsi. A 1961 shi da Walther Birkmayer suka yi wa majinyata allurar L-dopa, waɗanda suka sandare suka motsa. Da Jamusanci aka buga waɗannan maƙaloli. Har yau L-dopa shi ne ginshiƙin maganin wannan cuta a duniya. Lokacin da aka tsallake shi a Nobel ta 2000, masana fiye da ɗari biyu suka sa hannu a wasiƙar nuna rashin jin daɗi. Gajeriyar maƙala guda, cikin harshen da yawancin masu ambato ba sa karantawa, ta canza rayuwar miliyoyin majinyata, amma a ma'aunin h ba ta fi maki ɗaya ba. Haka tsarin yake: mai maƙala biyar kacal, ko da an ambaci kowacce sau dubu goma, ma'auninsa 5 ne.

5.3 Ina Maganar Ta Tsaya?

Ƙidaya ba ta bambance mai yabo da mai suka, ba ta kuma san ko an ɗora wa maƙala nauyin da ya fi ƙarfinta. Maƙalar 1976 ta nuna inda magungunan da aka sani a lokacin suke maƙalewa. Ba ta nuna cewa yawan dofamin shi ne tushen cutar ba, kamar yadda samun sauƙin ciwon kai bayan shan asfirin ba ya nuna cewa rashin asfirin ne ya kawo ciwon. Duk da haka an yi shekaru ana ambaton ta a matsayin hujjar tushen cutar. Bugu da ƙari, da yake gwajin yana da sauƙi, masu neman sababbin magunguna sun yi ta tace sinadarai da shi, suna samo 'yan'uwan abin da suke da shi tun farko. A 1988 John Kane da abokan aikinsa suka nuna cewa kulozafin, wanda riƙonsa ga wannan makarɓi ba shi da ƙarfi, ya fi taimakon majinyatan da sauran magunguna suka gaza a kansu. Sai a watan Satumba na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin sikizofireniya na farko wanda ba ya toshe makarɓin dofamin, mai suna Cobenfy, wanda ke aiki ta makarɓan asetilkolin.

Haka nan maƙalar 1973 ta nuna cewa makarɓin ofiyom yana nan, amma ba ta fito da shi ba. Sai a 1992 Christopher Evans a Los Angeles da Brigitte Kieffer a Strasbourg ta ƙasar Faransa suka karanta ƙwayar gadon ɗaya daga cikin makarɓan. Babban burin da ya sa aka zuba kuɗin tun farko, watau maganin da zai kashe ciwo kamar mofin ba tare da ya kama mutum ba, bai cika ba cikin shekara hamsin da suka biyo. Mu a nan shaidu ne, gama wahalar tiramadol da kodin, har gwamnatin Nijeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, duk a kan waɗannan makarɓai take gudana. Wannan ba aibi ba ne ga masu binciken. Yana dai nuna cewa tarin ambato da biyan bukatar majinyaci abu biyu ne.

6.0 DARASI GA MASU AUNA MALAMAI

Idan kuwa haka lamarin yake ga wanda ya fi kowa lamba, yaya ga ƙaramin malami? Tazarar da ke tsakanin 191 na Snyder da 110 na Witten ba ta nuna wanda ya fi wani basira ba, ta nuna cewa masu rubutu a ilmin halittu sun fi yawa kuma sun fi yawan ambato. Hirsch da kansa ya yi gargaɗi cewa lambar ta bambanta daga fage zuwa fage. Wanda ke nazarin tsiron da masu maganin gargajiya ke ba mai farfaɗiya, ko wanda ke rubutu da Hausa a mujallar da manyan kundaye ba su ɗauka, yana cikin kasuwa ce mai ƙarancin jama'a. Auna shi da mudun babbar kasuwa zalunci ne, kuma yakan tura shi ya bar tambayar da ta shafi mutanensa ya bi wadda ke kawo ambato.

Su kansu masana sun fara ja da baya daga ma'aunin. Sanarwar San Francisco, wadda aka tsara a 2012, ta nemi a daina auna malami da darajar mujallar da ya buga aikinsa. Ƙa'idoji goma na Leiden da aka buga cikin Nature a 2015 sun fara ne da cewa lamba ta zama mai taimaka wa hukuncin masana, kada ta maye gurbinsa. Bisa ga abin da aka gani a sama, ana iya ba kwamitocin ƙarin girma shawara uku. Su nemi malami ya zaɓo ayyukansa 'yan kaɗan da ya fi tinƙaho da su, a ba masana fagen su karanta. A kowace maƙala ta haɗin gwiwa, a bayyana abin da kowa ya yi, tun ba ɗalibi ba. Idan kuma za a kawo lamba, a kwatanta ta da ta waɗanda suke fage ɗaya da shi kuma suka yi shekarun aiki daidai da nasa.

7.0 KAMMALAWA

An nuna a wannan takarda cewa yawan ambaton da Snyder ya samu yana da tushe: ya ba masu bincike kayan aiki masu sauƙi, ya horar da ɗaliban da suka zama manya, ya kuma iya gane tambayar da lokacinta ya yi. An ba shi kyautar Wolf a 1982 da lambar kimiyya ta ƙasar Amurka ta 2003, kuma ya cancance su. An kuma nuna cewa lambar 191 ta haɗiye rabon Pert da sauran ɗalibai, ba ta san fifikon Carlsson da Hornykiewicz ba, ba ta kuma iya faɗin inda hujjar 1976 ta ƙare ba. Duk waɗannan an gano su ne ta hanyar komawa ga maƙalolin da tarihinsu. Aikin da ke gaban manazarta shi ne su yi wa rubuce-rubucen masanan magunguna na jami'o'inmu irin wannan karatu, maƙala bayan maƙala, kafin a ɗora musu lamba.